Jinyar Yaya bayan ƙwaƙwalwarsa ta lalace, da shawarar da muka yanke

Na rubuta wannan saboda wanda wata rana zai tsinci kansa a bakin ƙofar sashen kulawa ta musamman, ɗan'uwansa na ciki a kan na'urar numfashi, ana miƙo masa takarda ya sa hannu alhali bai san abin da ta ƙunsa ba. Yayana, wanda nake bi wa, zuciyarsa ta tsaya farat ɗaya yana wurin aiki. An ɗauki lokaci kafin wani ya fara danna masa ƙirji, an ƙara ɗaukar wani lokacin kafin zuciyar ta dawo. Ta dawo kam, sai dai ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iskar oksijin. Daga minti 4 zuwa 6 ƙwayoyinta suke fara mutuwa. Zan faɗi abin da ya biyo baya daki-daki, yadda ya zo mana.

A sashen gaggawa babu mai neman ra'ayinka, kuma haka ya dace. Kafin mu iso sun riga sun zura masa bututu ta baki sun haɗa shi da na'ura. Likitan da ya fito mana tambaya uku ya yi: ƙarfe nawa ya faɗi, wa ya ga faɗuwar, minti nawa aka yi kafin a fara danna ƙirji. Muka tsaya cirko-cirko, sai da aka kira abokin aikinsa a waya. Ku nemi waɗannan amsoshi da wuri ku rubuta, domin kowane likita da zai zo daga baya sai ya sake tambayarsu, kuma da su ake auna irin ɓarnar da aka yi. A daren aka yi masa hoton kai, aka ce ba a ga zubar jini ba, mu kuwa muka yi ta hamdala muna ganin an tsallake. Daga baya likitan ƙwaƙwalwa ya bayyana mana cewa ɓarnar rashin oksijin sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko. A nan ne kuma aka tambaye mu wanda zai riƙa sa hannu. Matar Yaya aka rubuta, ni kuma aka rubuta lambata a matsayin wanda za a kira. Dokar wanda ke da ikon yanke shawara a madadin marar lafiya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ku tambaya tun ranar, kafin rigima ta taso.

Da aka mayar da shi sashen kulawa ta musamman sai jira ya fara. Ana shiga mutum bibbiyu na ɗan lokaci, a wanke hannu, a sa riga. A jikin allon gadonsa akwai wata lamba da nas ke rubutawa, ma'aunin Gilasgo, wanda likitoci biyu suka ƙirƙiro a 1974 don auna zurfin suma ta hanyar buɗe ido da magana da motsi. Yana farawa daga 3 ya ƙare a 15. Ta Yaya tana can ƙasa. Nas ɗin ta ga na ƙura wa lambar ido, ta ce kada in ɗora komai a kanta tukuna, domin yana cikin maganin barci mai ƙarfi, suna kuma tsare zafin jikinsa kada zazzaɓi ya ƙara wa ƙwaƙwalwar rauni. Kullum muka tari likita tambayarmu ɗaya ce, zai tashi? Amsarsa ma ɗaya ce, ba za a iya cewa komai ba sai aƙalla awa 72 sun wuce, maganin barcin kuma ya fita daga jikinsa. A lokacin na ɗauka kauce-kauce ne. Yanzu ina ganin wannan jiran shi ne adalci na farko da ake yi wa marar lafiya. Idan aka yi gaggawar cewa babu fata aka janye magani, mutum zai mutu, mutuwar kuma ta zama kamar hujjar cewa hasashen daidai ne, alhali babu wanda zai taɓa sanin ko da ya farfaɗo. Duk wanda ya matsa muku ku yanke hukuncin ƙarshe a kwanakin farko, ku tambaye shi gwajin da ya dogara da shi.

Ofishin kuɗi yana ƙasa, kuma shi ba ya jiran awa 72. An nemi kuɗin ajiya, sannan lissafi ya riƙa hawa kullum: gado daban, na'ura daban, gwajin jini daban, magunguna daban. Na roƙi a riƙa ba ni lissafin a rarrabe, na kuma buɗe littafi ina rubuta abin da kowa ya bayar. Abin da zan ja hankali a kai shi ne yadda kuɗi ke shiga shawara a ɓoye. Wanda ke biya yana jin kunyar cewa a tsaya, kada a ce dukiyarsa yake ji. Wanda ba ya biya kuma yana da sauƙin cewa a ci gaba ko nawa ne. Mun zauna mun fito da maganar fili tun da wuri, muka san iya ƙarfinmu, muka kuma yarda cewa za mu raba tambaya biyu: abin da zai amfani Yaya, da abin da za mu iya biya. Idan asibitin na da jami'in walwala, ku neme shi; shi ya nuna mana takardar neman rangwame da ba mu san da ita ba.

Bayan an janye maganin barci likitan ƙwaƙwalwa ya zo, ya bar ni na tsaya a gefe. Ya ɗaga fatar idon Yaya ya haska tocila, ƙwayar idon ta ɗan tsuke. Ya taɓa gefen idon da auduga, ya ƙifta. Ya danna masa gindin farce da biro da ƙarfi, hannun ya miƙe ya murɗe ciki maimakon ya janye. Ya kira sunansa da ƙarfi, ya ce ya matse masa yatsa, shiru. Aka manna masa wayoyi a kai aka auna wutar ƙwaƙwalwa, aka sake hoto da babbar na'urar maganaɗisu. Sannan ya zaunar da mu ya rarrabe mana abu uku da muke cakuɗawa. Akwai mutuwar ƙwaƙwalwa, inda komai ya tsaya har tushen ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da numfashi. Ana tabbatar da ita da jerin gwaji, ciki har da cire na'ura na ɗan lokaci a ga ko mutum zai yi yunƙurin jan numfashi, kuma babu dawowa daga gare ta. Akwai doguwar suma, wadda ba ta cika wuce 'yan makonni ba: ko mutum ya farka, ko ya rasu, ko ya shiga hali na uku. Halin na uku shi ne mutum ya riƙa buɗe ido yana barci yana tashi, yana iya numfashi da kansa, amma babu alamar ya san kansa ko ya san na kusa da shi. Ya ce Yaya bai kai ga na farko ba, tushen ƙwaƙwalwarsa na aiki, amma saman ƙwaƙwalwar, inda tunani da magana da gane mutane suke, ya lalace ƙwarai ta ɓangarorin biyu.

A zaman iyali na farko akwai babban likitan sashen, da nas, da Inna, da Kawu, da matar Yaya da babban ɗansu, da ni. Maganar ita ce bututun baki ba ya daɗewa, ana so a huda maƙogwaro a sa wani, a kuma sa na abinci. Na tambayi likitan, idan muka yarda yau, gobe muna iya cewa a tsaya? Ya ce ƙwarai, kuma ya ji daɗin tambayar, domin akwai iyalan da ke ƙin fara magani saboda tsoron ba za a iya janye shi ba, ta haka sai a hana marar lafiya damar da yake da ita. Ya ba mu shawarar da ta zame mana madogara: a gwada na lokaci ƙayyadadde. A yi duk abin da ya kamata, a sa ranar da za a sake zama, a kuma rubuta alamun da ake nema, wato bin mutum da ido, bin umarni ko da na ɗaga yatsa ne, ko wani martani da ake iya maimaitawa. Ya ce ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2018 ta ce idan rashin oksijin ne sanadi, bayan wata 3 a wannan hali fatan dawowar hayyaci ya yi ƙaranci sosai, idan kuwa bugun kai ne kamar na hatsarin mota ana jira har wata 12. Matar Yaya ta sa hannu. Bayan hudar, a hankali aka yaye shi daga na'urar, ya ci gaba da numfashi da kansa.

Ranar da ya buɗe ido ita ce mafi wuya a wurina, duk da an gargaɗe mu. Inna tana riƙe da hannunsa ta ga idon ya buɗe, ta ɗaga murya tana kabbara, kafin yamma labari ya bazu cewa Yaya ya farka. Na tsaya a gabansa na matsa dama na matsa hagu, idon bai bi ni ba, yana yawo ne kawai. Wani lokacin ya yi hamma, wani lokacin fuskar ta yamutse, har hawaye na gangarowa. Inna ta ce wa nas, "Yana ji na, ga shi yana kuka." Nas ɗin ba ta ƙaryata ta ba. Ta ce, "Mama, ki ci gaba da yi masa magana, ba mu hana ba. Duk abin da kika gani ki faɗa mana mu rubuta, likita zai gwada ko zai maimaita." Ta kuma koya wa Inna yadda ake jiƙa masa leɓe da goge masa baki, da dalilin da ya sa ake juya shi kowane awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Wannan aikin ya riƙe Inna fiye da duk bayanin da muka yi mata.

Ɗan Yaya ne ya zo da wani bincike a wayarsa, wanda aka wallafa a 2024: a cikin marasa lafiya 241 da ba sa nuna alamar bin umarni, an samu 60 da ƙwaƙwalwarsu ke amsawa idan aka ce su ƙiyasta suna wani motsi, ana gani a na'ura. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Ya kai wa likitan ƙwaƙwalwa yana rawar murya. Likitan bai raina shi ba. Ya ce binciken gaskiya ne, tun 2006 aka fara ganin irin haka a Ingila, kuma dalili ne da ya sa ba a dogara da dubawa sau ɗaya. Amma ya ce an fi samun hakan ga masu ƙarancin shekaru da waɗanda bugun kai ne sanadinsu, ya kuma sake nuna masa hoton mahaifinsa da sakamakon wutar ƙwaƙwalwar. Muka nemi wani likitan daga waje ya duba. Haƙƙinku ne, ba rashin kunya ba ne. Abin da ake buƙata shi ne taƙaitaccen rahoton jinya da kwafin hotunan, kuma sai mun cike takarda a ofishin adana bayanai muka jira kafin a ba mu. Likita na biyu ya duba shi a lokuta daban-daban, ya zo da magana iri ɗaya.

Kawu ne ya ce sai an ji ta bakin malamai, kuma ya yi daidai. Malamin da muka je wurinsa ya fara da tambayar abin da likitoci suka ce, kalma da kalma. Ya gaya mana cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'ura idan ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya, wata majalisar fiƙihu da ke Makka ma ta halatta a 1987, sai dai ita ta ce ba a hukunta mutum da mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Amma ya ce waɗannan ba su ne mas'alarku ba, tunda ɗan'uwanku yana numfashi. Mas'alarku ita ce ko wajibi ne a yi maganin da amintattun likitoci suka ce ba zai amfana ba, kuma ba wajibi ba ne. Abin da ya haramta shi ne a yi wani abu da nufin gaggauta mutuwarsa. Game da abinci da ruwa kuwa ya ce kada a yanke masa muddin jikinsa na karɓa. A nan duniya ba ta haɗu a kan magana ɗaya ba. A Ingila, a shari'ar Tony Bland ta 1993, wani matashi da ya daɗe a hali irin na Yaya, kotun ƙoli ta lokacin ta ɗauki ciyarwa ta bututu a matsayin magani da ake iya janyewa, yayin da malaman Musulunci da yawa da cocin Katolika suke ganinta haƙƙi ne na kulawa. Mu mun tsaya a kan na biyun, likitocin kuma ba su ja da mu ba.

Watanni suka shuɗe babu ko alama ɗaya daga cikin waɗanda aka rubuta. Ciwon huhu ya kama shi, aka yi magani ya lafa, ya sake dawowa da ƙarfi, ƙodarsa kuma ta fara gazawa. A zama na biyu likitan ya jera abin da ke gaba: mayar da shi kan na'ura, wankin ƙoda, da danna ƙirji idan zuciya ta sake tsayawa. Kawu ya ce, "Likita, a yi masa komai. Rai na Allah ne, mu ba za mu zama sanadi ba." Likitan ya ce, "Baba, zan iya yin komai. Amma ku taimake ni da abu ɗaya. Ni ban san shi ba, ku kuka san shi. Da zai tashi na minti biyar ya ga kansa, ya ji abin da na gaya muku, me zai ce?" Ɗakin ya yi tsit. Can matar Yaya ta ce lokacin jinyar mahaifinta, da suka fito daga asibiti, Yaya ya ce mata shi dai idan tasa ta zo haka kada a wahalar da shi, a bar shi kusa da iyalinsa. Ba ta taɓa faɗa ba saboda tsoron a ce ta gaji da jinya. Inna ta daɗe kanta a sunkuye, sannan ta ce, "Halinsa ne. Zai faɗa." Wannan tambayar ta sauke mana wani nauyi, domin kafin ita kowa na amsa wata tambayar ce daban, wato me zuciyata za ta iya ɗauka, me mutane za su ce.

Kawu bai gamsu ba, don haka aka kai maganar kwamitin ɗa'a na asibitin. Na zaci kotu ce, ashe zama ne na likitan da ba ya cikin masu jinyar, da babbar nas, da jami'in walwala, da masanin doka. Shawara suke bayarwa, ba hukunci ba. Sun saurari Kawu har ya gama, suka kuma bayyana masa yadda danna ƙirji yake a zahiri: haƙarƙari kan karye, kuma ko zuciyar ta dawo, ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace ƙara lalacewa za ta yi. Aka kawo takardar da ke cewa kada a yi yunƙurin farfaɗo da zuciya. Ku karanta irin wannan takarda da kyau. Tamu ta hana abu uku ne kawai, danna ƙirji da na'ura da wankin ƙoda, na kuma sa aka rubuta ƙarara cewa abinci da ruwa da juyi da tsafta da maganin ciwo za su ci gaba, kuma muna iya janye sa hannunmu duk lokacin da muka so. Na nace a kan haka ne domin na lura wasu ma'aikatan, da zarar sun ga takardar a fayil, sai kulawar ta yi sako-sako, har sai da na yi wa shugabar masu jinya magana aka gyara. Kawu bai sa baki ba, bai kuma hana ba. Har yau yana ganin da an ƙara gwadawa, ni kuma ban daina girmama dalilinsa ba.

Daga nan masu kula da sauƙaƙa wahalar marar lafiya suka karɓe shi, aka mayar da shi ɗaki mai shiru inda ba a ƙayyade mana lokacin shiga ba. Da na san da su da tun farko na nema, domin aikinsu ba sai ana gab da mutuwa ba. Da numfashinsa ya fara sarƙewa suka ce za su ba shi mofin, maganin ciwo mai ƙarfi. Ɗan Yaya ya tsorata, ya ce ba shi ne ke kashewa ba? Likitar ta nuna masa adadin, ta ce ana farawa da kaɗan ana ƙarawa gwargwadon wahalar da ake gani, nufin shi ne a sauƙaƙa numfashi, kuma tunda ba wanda zai iya rantsuwa cewa ba ya jin komai, gara a yi kamar yana ji. Ta gaya mana abin da za mu gani don kada mu firgita: numfashi zai riƙa tsayawa yana dawowa, za a ji ƙara a maƙogwaro, hannu da ƙafa za su yi sanyi. Da cikinsa ya daina karɓar abincin, yana kumbura yana dawo da shi, aka rage, sannan aka tsayar, muka ci gaba da jiƙa masa baki. Ya cika da asuba, Inna da matarsa suna gefensa, ɗansa na yi masa kalmar shahada a kunne.

Ga wanda ke cikin irin wannan yanzu, mutum ɗaya ya riƙa magana da likitoci yana isar wa sauran, in ba haka ba kowa zai ji rabin magana ya kai gida. Ku nemi a gaya muku sunan halin da marar lafiyarku yake ciki da sanadinsa, domin hukuncin mutuwar ƙwaƙwalwa daban ne da na wanda ke numfashi, na rashin oksijin daban ne da na bugun kai. Kada ku tsaya a "zai tashi?", ku tambayi mafi kyawun abin da ake tsammani da mafi muni da wanda ya fi yiwuwa. Duk maganin da za a fara, ku tambayi ranar da za a sake duba amfaninsa. Kuma ku kula da matar ko mijin marar lafiya, su ne suka fi sanin abin da ya taɓa faɗa, su ne kuma suka fi tsoron faɗarsa a gaban dangi.

Bayan rasuwar akwai sauran zirga-zirga. Likitan da ya tabbatar da mutuwar shi ke cike takardar sanadinta, ofishin kuɗi kuma ya buƙaci a rufe lissafi kafin a sallame mu, don haka wani ya tsaya a kan wannan tun da aka ga alamun ƙarshe. Ku duba rubutun suna da ranar haihuwa a takardar kafin ku bar asibitin, domin da ita za a nemi shaidar mutuwa ta hukuma, wadda banki da wurin aikinsa suka nema daga baya. Na kuma karɓi kwafin takardar da matar Yaya ta sa wa hannu da rahoton kwamitin ɗa'a na ba ta ta ajiye, saboda 'yan uwan da ba su halarci zaman ba sun zo da tambayoyi, kuma bai kamata ita kaɗai ta riƙa amsa su da baki ba.